Narniya: da wane littafi ake farawa, kuma wa ya sauya lambobin?

[Hoto: kwalaye biyu na littattafan Narniya a kan teburi]

Ga kwali biyu. Littattafai bakwai a nan, bakwai a nan, marubuci ɗaya, labari ɗaya, na wata ƙasar almara mai suna Narniya. Amma duba lambar da ke gefensu. A tsohon kwalin, lamba ɗaya ita ce The Lion, the Witch and the Wardrobe. A sabon, wannan littafin ya koma lamba biyu, The Magician's Nephew ya haye kujerarsa. Tun da Netflix ya sayi haƙƙin labaran a 2018 aka ba darakta Greta Gerwig aikin fim, tsohuwar gardama ta sake tashi: da wanne ake farawa? Mutane da yawa suna cewa ai marubucin da kansa ya yanke hukunci. Bai yanke ba. Za mu zo wurin, amma tukuna waye shi?

[Hotunan Belfast na da, yara biyu maza a ƙofar gida]

Clive Staples Lewis, an haife shi a Belfast, a tsibirin Ailan, ranar 29 ga Nuwamba, 1898. A gida Jack ake ce masa. Mahaifiyarsa ta rasu da cutar daji a 1908 yana ɗan shekara tara. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Da ya fara tasawa ya bar addini gaba ɗaya. Ya je yaƙin duniya na ɗaya, aka ji masa rauni a Faransa a 1918, ya koma Oxford ya gama karatu, a 1925 ya zama malami a Kwalejin Magdalen. Sai a 1931 ya dawo Kiristanci, bayan wata doguwar hira da dare da abokansa biyu, Hugo Dyson da J.R.R. Tolkien. I, wannan Tolkien ɗin, marubucin The Lord of the Rings.

Gyara ɗaya a gurguje. Ana yawan ce masa malamin addini, har wasu na ɗauka limamin coci ne. Ba a taɓa naɗa shi ba, kuma ba digirin tauhidi ya yi ba. Aikin da yake cin abinci da shi koyar da adabin Turanci na zamanin da, har ya samu kujerar farfesa a Cambridge a 1954. Sunan da ya yi a fagen addini daga rediyo ya fito: jawaban da ya yi a BBC daga 1941 zuwa 1944, lokacin yaƙi, waɗanda aka tattara a 1952 aka sa musu suna Mere Christianity. Ya auri marubuciya Ba'amurkiya Joy Davidman a 1956, ta rasu a 1960. Shi kuma ya rasu ranar 22 ga Nuwamba, 1963, ranar da aka harbe Shugaba Kennedy. Labarin mutuwarsa ya ɓace a cikin hayaniyar wancan.

Shi ke nan rayuwa. Mu koma kan kwali.

[Murfin littattafan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, da shekara a ƙasa]

Yadda suka fito kasuwa, kowace shekara ɗaya: The Lion, the Witch and the Wardrobe a 1950, Prince Caspian a 1951, The Voyage of the Dawn Treader a 1952, The Silver Chair a 1953, The Horse and His Boy a 1954, The Magician's Nephew a 1955, The Last Battle a 1956. Pauline Baynes ce ta zana hotunan duka bakwai.

To, yanzu kalli abin da ke faruwa idan aka jera su bisa lokacin da ke cikin labarin. Littattafai biyu kawai ke motsawa. Na shida ya tsallako gaba, domin shi ke ba da labarin ranar da aka halicci Narniya. Na biyar ya dawo na uku, domin abin da ke cikinsa ya faru ne a zamanin sarautar yara huɗu 'yan gida ɗaya da suka shiga Narniya ta cikin kabad, wato a cikin babin ƙarshe na littafin kabad, The Lion, the Witch and the Wardrobe. Sauran biyar ɗin suna nan a jerensu. Wannan shi ne tsarin da kamfanin buga littattafai na HarperCollins ya buga a gefen littattafan tun 1994, kuma shi ne yawancin masu saye a yau suke tararwa.

Hujjarsu wasiƙa ce. A 1957 wani yaro Ba'amurke ya rubuto wa Lewis: shi yana ganin a bi lokacin labari, mahaifiyarsa ta ce a bi yadda aka buga. Lewis ya amsa cewa yana jin ya fi karkata ga tsarin yaron. A nan masu kawo hujjar suke tsayawa. Amma wasiƙar ba a nan ta ƙare ba. Ya ci gaba da cewa bai tsara jerin tun farko ba: da ya rubuta na ɗaya bai san zai ƙara wani ba, da ya gama na uku ya tabbata shi ne na ƙarshe, sai ya ga ba haka ba. Ya kuma ce wataƙila ma ba wani babban abu ba ne ko ta wane tsari mutum ya karanta. Dattijo ne ke amsa wa yaro cikin raha. Kuma ya yi shekara shida a duniya bayan wasiƙar, ba a sauya lambar ko littafi ɗaya ba.

Saboda haka hujja mafi ƙarfi a cikin littattafan take. Bari mu buɗe su.

[Zane: yarinya tsaye cikin dusar ƙanƙara, gabanta fitilar titi tana ci]

Lucy, ɗaya daga cikin yaran nan huɗu, ta shiga kabad ɗin rataye tufafi a gidan wani tsohon farfesa a ƙauye, inda aka kai su ita da 'yan'uwanta gudun bama-baman Landan. Tana ture rigunan sanyi, tana laluben katakon baya, sai hannunta ya ji reshen itace, ƙafarta ta ji ƙanƙara. Can tsakiyar daji, fitilar titi tana ci. Babu titi, babu gida, babu mai kunnawa. Littafin bai ce komai a kanta ba, ya bar ka da tambayar. Shekara biyar masu karatu suna ɗauke da ita, sai a 1955 aka ba su amsa: matsafiya Jadis ta fizge ƙarfe daga jikin fitilar titi a Landan, ta jefi zaki da shi a ranar farko ta Narniya, ƙarfen ya faɗi ƙasa, ƙasar kuwa sabuwa ce duk abin da ya taɓa ta tsirowa yake, sai ya tsiro ya zama fitila.

Wanda ya fara da littafin 1950, a nan yake buga cinya ya ce, ashe! Wanda ya fara da na 1955 kuwa an ba shi amsar kacici-kacici kafin a yi masa tambaya. Ya ga ƙarfe ya tsiro, to, ya wuce. Da ya iso wurin Lucy, ba abin mamaki da ya rage.

Haka kabad ɗin. Yaron da ke cikin The Magician's Nephew, Digory, mahaifiyarsa na kwance rai a hannun Allah. Ya kawo mata tuffa daga Narniya, ta ci, ta warke. Ya binne ƙwallon a bayan gida, itace ya tsiro, bayan shekaru guguwa ta kayar da shi, ya sa aka yi kabad da katakon. Digory shi ne tsohon farfesan. Kun tuna yaron Belfast ɗan shekara tara? Shi tasa uwar ba ta tashi ba. A ganina shi ya sa wannan littafin ya fi ba shi wuya: ya fara shi tun kusa da na farko, ya ajiye, bai kammala ba sai bayan ya gama rubuta The Last Battle.

Ga kuma wadda ta fi kowace fitowa fili. Karon farko da aka ambaci sunan Aslan, wato zakin nan, a littafin kabad, mai ba da labari ya juyo ga mai karatu ya ce yaran ba su san ko waye Aslan ba, kamar yadda kai ma ba ka sani ba. To in ka riga ka karanta littafi guda inda ka ga zakin nan yana waƙa duniya tana fitowa, wannan jimlar ƙarya ta zama. A ƙarshen littafin ma an ce wannan shi ne mafarin abubuwan Narniya. The Magician's Nephew kuwa tun shafin farko yana magana ne kamar da wanda ya riga ya san ƙasar, yana cewa zai nuna yadda aka soma kai da komo tsakanin duniyarmu da can. Masu fim ma da suka tashi a 2005, 2008 da 2010, tsarin bugu suka bi.

Af, sunan Aslan kalmar Turkanci ce, ma'anarta zaki kawai.

[Hotuna sun ƙare, fuskar mai magana]

Abu biyu ga iyaye kafin a saya. Na ɗaya, labaran Kirista ne ya rubuta su da saninsa: Aslan ya ba da ransa a madadin Edmund, yayan Lucy, da ya ci amana, aka yanka shi a kan teburin dutse, ya tashi. Lewis ya ƙi a kira wannan misali mai ɓoye ma'ana. Ya ce zato ya yi, a ce akwai wata duniya ta dabbobi masu magana, yaya Almasihu zai bayyana a can? Ko ka yarda da bambancin ko ba ka yarda ba, gara ka sani. Na biyu, mutanen Calormen da ke kudu da hamada, masu duhun fata da rawani da lanƙwasassun takubba, yawanci a matsayin miyagu suke fitowa. Gumaka da yawa suke bautawa, babbansu Tash, don haka ba Musulmi ba ne a cikin labarin, amma suturar ba ta ɓoyu ga kowa ba, kuma masu suka, har da marubuci Philip Pullman, sun daɗe suna magana a kai. A The Horse and His Boy da The Last Battle abin ya fi yawa. Karanta su tare da yaro.

[Komawa kan kwalin, hannu yana sake jera littattafan]

In sabon kwali ke hannunka, ga yadda ake gyarawa. Bi lambobin haka: 2, 4, 5, 6, 3, 1, 7. In kuma ba ka tabbata wane bugu ka saya ba, buɗe shafin da ke bayan take, nemi shekarar bugun farko, fara da 1950. Lamba 3 ba ta da rigima, ana iya karanta ta ko yaushe bayan littafin kabad. Lamba 7 dole ta zo ƙarshe, domin a cikinta Digory da Lucy da ɗan'uwanta Eustace duk suke haɗuwa, kuma ba za ka gane su ba sai ka san kowannensu. Karatu na biyu kuwa, wanda ya riga ya tsaya da Lucy a gaban fitilar nan, ya fara daga inda ya ga dama.