Daga Filin Jirgin Frankfurt: Wane Jirgin Ƙasa, Kuma Ina Za A Kwana

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina tsaye ne a ƙasan Terminal 1 na filin jirgin Frankfurt a Jamus, saboda tambayar da kuke yawan turo min: mutum ya taso daga Abuja ko Legas da dare, ya sauka nan da sassafe, ta yaya zai ƙarasa garin da za shi?

Tashoshin jirgin ƙasa biyu ne a filin nan, kuma nan ne baƙi ke ruɗewa. Wannan da nake ciki sunanta Regionalbahnhof, ta jiragen kusa ce: S-Bahn, RB da RE. Ɗayar kuma Fernbahnhof, sai ka haura ka bi doguwar gada, can ne ICE mai dogon zango ke tsayawa. S-Bahn mai lamba S8 ko S9 za ta kai ka babbar tashar cikin gari a kusan minti 15. Yanki tikitinka a injin kafin ka shiga, ba a sayarwa a ciki, kuma in aka kama ka babu shi tarar Yuro 60 ce, ba a sauraron "yanzu na sauka".

Abin da na fi so ku riƙe shi ne maganar Sparpreis, tikitin rangwame na jiragen dogon zango. Yana da araha, amma na jirgi ɗaya ne tak a lokaci ɗaya. Jirgin samanka ya makara, ko layin duba fasfo ya yi tsawo, ko akwatinka ya ƙi fitowa da wuri, to kuɗin sun tafi, domin ba laifin kamfanin jirgin ƙasa ba ne. In dai shi za ka saya, bar tazarar aƙalla awa uku daga lokacin sauka. In ba haka ba, ɗauki Flexpreis, wanda bai ɗaure ka da jirgi ɗaya ba, ko ka tambayi kamfanin jirgin samanka tikitin jirgin ƙasa da ake haɗawa da na jirgin sama, wato Rail&Fly tun lokacin sayen tikiti.

Shi kuma Deutschlandticket da ake ta yabo, tikitin wata na jiragen kusa a duk faɗin Jamus, tun Mayun 2023 yake aiki, amma ba ya shiga jiragen dogon zango, ICE ko IC. Kuma rajistar wata-wata ce: ba ka soke kafin ranar 10 ga wata ba, za a sake cire maka na gaba. Mai zuwa mako ɗaya ya duba Quer-durchs-Land, tikitin yini ɗaya na jiragen kusa, sai dai ranakun aiki ba ya fara aiki sai ƙarfe 9 na safe. A manhajar kamfanin jirgin ƙasa, DB Navigator, danna "Nur Nahverkehr", wato jiragen kusa kaɗai, ka ga jiragen da za ka iya hawa da waɗannan tikitin.

To ina za a kwana? Ni a ganina, Köln a jirgin kusa wajen awa uku ce ta gefen kogin Rhein, ana iya jurewa. Amma Hamburg ko Berlin da canji huɗu ko biyar, ga akwati biyu masu kilo 23, ga barcin da ba a yi ba? Kwanta tukuna. Mai gyangyaɗi shi ke wuce tasharsa, kuma wasu jiragen RE kan rabu biyu a hanya, kowane rabi da inda ya nufa. Karanta rubutun jikin taragon da ka shiga, kada ka tsaya ga allon dandamali kawai. Ƙofa ma sai ka danna maɓalli take buɗewa.

Otal-otal na gaban babbar tashar Frankfurt suna da yawa, kuma titin Münchener Straße cike yake da abincin halal da masallatai. Sai dai wasu lungunan unguwar masu shaye-shaye ne da dare, mai iyali ya duba taswira da kyau. Lokacin baje koli, kamar na littattafai a Oktoba, kuɗin ɗaki kan yi tashin gwauron zabo. Sai ka hau S8 ka je ka kwana a garin Mainz, ƙasa da rabin awa daga filin jirgi. Yawanci ba a ba da ɗaki sai ƙarfe 3 na rana, don haka ka roƙe su su ajiye maka kaya, ko ka kulle su a akwatunan ajiya na tasha. Akwai ɗakin salla a nan filin jirgin, yi asubahinka kafin ka sauko. In kuma Lahadi ka iso, sayi ruwa da burodi a tasha, kantunan cikin gari a rufe suke.

Ga S8 ɗin nan ta shigo, bari in hau in nuna muku inda ake tsayawa da manyan akwatuna.