Tsakanin Kano da Jidda: Nisan da Jirgi Yake Ɓoye Mana

An rubuto wannan daga laccar da aka gabatar wa 'yan'uwa Hausawa mazauna Jidda.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, 'yan'uwa maza da mata, Allah ya saka da alheri da kuka zo.

In aka tambayi ɗayanmu nisan gida, sai ya ce awa biyar ne. To, awa ba ita ce nisan ba. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke nan Jidda, kilomita 3,400 ne da 'yan kai, in an bi miƙaƙƙiyar hanya. Kano tana Afirka, Jidda tana Asiya, Bahar Maliya ce ta raba.

Yaya ake aunawa? Duniya a dunƙule take, kewayenta kusan kilomita 40,000. Ka samo ƙwallo, ka ɗora zare daga wannan ɗigo zuwa wancan, ka ja ya miƙe. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi kusa. Tamu tana tashi daga Kano, ta shafi gefen Nijar, ta ratsa Chadi, ta bi ta arewacin Sudan, ta haye Kogin Nilu, sannan teku. Jirgi yana cin wajen kilomita 850 a awa, wato kusan awa huɗu ke nan, sai ku ƙara lokacin tashi da sauka. Agogo kuma yana rikita lissafi, don Saudiyya ta riga Najeriya da awa biyu.

Amma ku tsaya a kan Sudan ɗin nan, don a nan zuciyata take. Ƙasar da muke wucewa a sama muna gyangyaɗi, kakanninmu da ƙafa suka taka ta. Maiduguri, Abeshe, Al-Fashir, Al-Ubayyid, har Sawakin inda ake shiga jirgin ruwa. Wani sai ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago ya tara guzuri, shekaru su ja, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya a hanya. Da yawa can suka zauna. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda aka gwabza tsakanin Turawan Ingila da Sarkin Musulmi Attahiru, su ne suka kafa shi, kuma har yau ana jin Hausa a wannan yanki.

Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar Sudan, dole jiragen alhazanmu suka riƙa zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗin kujera ya ƙaru. Mutane suka yi ta ƙorafin tsada, kuma da gaskiyarsu. Ni dai abin da ya fi ci mini rai shi ne, dalilin zagayen nan 'yan'uwanmu ne da ke ƙasa, wuta tana cin garuruwansu, irin su Al-Fashir da na ambata.

Bayan sallar isha'i za mu karɓi tambayoyi, musamman kan inda mai zuwa ta jirgi zai ɗaura harami.