Garambawul a gwamnatin Kano da aikin da ke jiran majalisa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A ranar 12 ga Disamba 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya yi wa majalisar zartarwarsa garambawul. Ya sauke Sakataren Gwamnati, Dokta Abdullahi Baffa Bichi, bisa dalilin rashin lafiya kamar yadda sanarwar ta ce, ya soke ofishin shugaban ma'aikatan fadar gwamnati, ya kuma sallami kwamishinoni biyar, ciki har da na kuɗi da na yaɗa labarai. Nan da nan teburan masu shayi suka ɗauka. Kowa da fassararsa: wane ne ɗan Kwankwasiyya na gani-kashe-ni, wane ne yake cikin masu kiran "Abba tsaya da ƙafarka", wato masu son gwamnan ya daina bin umarnin Kwankwaso.

Wannan lissafin 'yan siyasa ne. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne musayar da aka yi tsakanin ma'aikatu biyu: Umar Haruna Doguwa ya bar ilimi ya koma albarkatun ruwa, Ali Haruna Makoɗa ya bar ruwa ya koma ilimi. A duk gwamnati babu ma'aikatun da suka fi waɗannan shiga gidan talaka. A watan Yunin 2024 gwamna da bakinsa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma kasafin 2025 da ya miƙa wa majalisa ya ware wa ilimi kashi 31 cikin 100. Wata shida kacal bayan wannan shela aka canza mai riƙe da ragamar. Ko ya dace ko bai dace ba, uban da ɗansa ke zaune a ƙasa cikin aji mai yoyo yana da haƙƙin jin inda aikin ya tsaya da kuma inda sabon zai ɗora.

Ruwa kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Ga matatar Tamburawa, ga ta Challawa, amma unguwanni da dama a cikin birni jarkar 'yan garuwa suke jira kowace safiya, kuɗin cefane na tafiya a kura.

A nan ne nauyi ya koma kan majalisar dokoki mai wakilai 40 ƙarƙashin Jibrin Isma'il Falgore. Kanawa sun ga saurinta idan ta ga dama. A ranar 23 ga Mayu 2024 ta soke dokar masarautu ta 2019, gwamna ya sa hannu a ranar. Ita ce kuma ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta taɓa kowane gida, ta kuma cancanci yabo. To, me zai hana a ga irin wannan himma a kan famfo da allo?

Sashe na 192 na tsarin mulki ya ce sai majalisa ta amince kafin mutum ya zama kwamishina, sashe na 128 kuma ya ba ta ikon bincike. Al'adar "rusuna ka wuce" da ta zama ruwan dare a majalisun ƙasar nan tana zubar da wannan ikon. Su kuwa waɗanda aka sauya wa ma'aikata ba a sake tantance su, don haka babu wanda zai tambaye su komai sai majalisa ta kira su da kanta.

Roƙonmu ga 'yan majalisa shi ne su gayyaci kwamishinan ilimi da na ruwa zauren majalisa, a buɗe, 'yan jarida na ji. A tambayi na ilimi nawa aka saki cikin kason da aka ware, azuzuwa nawa aka gyara a kowace daga ƙananan hukumomi 44. A tambayi na ruwa lita nawa Tamburawa ke turowa a rana, da unguwannin da bututun bai kai gare su ba.