Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Ziyararsa ga Maƙeran Birnin Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Kwamishina, babban baƙonmu na yau, mai girma wakilin Hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, babanmu Sarkin Maƙera, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, malamanmu, manyan ma'aikatan da suka rako mai girma Kwamishina, 'yan jarida, 'yan'uwana maƙera da masu walda, da yaranmu masu koyo da suka yi cincirindo a bayan rumfa, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Dattawanmu ne suka ɗora mini wannan nauyi na yi maka maraba. Da na tambaye su dalili, sai suka ce a cikinmu ni ne ƙarar masaba ba ta gama kashe wa kunne ba, idan ka yi tambaya zan ji. To, ga ni. Muna roƙon afuwa tun yanzu game da farar rigarka, domin ba a shiga maƙera a fita fes. Mun share, mun yayyafa ruwa, amma toka ba ta san babban mutum ba. Abin da muke taƙama da shi dai shi ne shimfiɗar fuska, wadda Bahaushe ya ce ta fi ta tabarma. Kiɗan da ya tarbe ka a bakin hanya kuwa dundufa ce, kiɗanmu na gado, ba kuma kowane baƙo ake fito masa da ita ba.

Yallaɓai, inda kake zaune ɗin nan ba shi da nisa da Dutsen Dala. Labarin da muka gada, wanda marubuta tarihi ma suka rubuta, ya ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a gindin Dala, ya zauna. Zuriyarsa su ne ake kira Abagayawa. Masu haƙa ƙasa don binciken tarihi sun tono wuraren narka tama a nan Dala, suka ce aikin ya kai wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Wato tun ba a yi ganuwa ba, tun Sarki Muhammadu Rumfa bai kafa Kasuwar Kurmi ba, ana hura wuta ana dukan ƙarfe a wannan wuri. Malamanmu kuma suna tuna mana cewa Allah ya saukar da sura guda da sunan ƙarfe, Suratul Hadid, inda ya ce a cikinsa akwai ƙarfi mai tsanani da amfani ga mutane, kuma ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe yana ƙera sulke. Ba mu jin kunyar sana'armu ko kaɗan.

Sai dai, ranka ya daɗe, wannan tarihi mai daɗi shi ne kuma yake cutar mu. Duk lokacin da aka tuna da maƙera, to bikin al'adu ne ya zo. A kira mu mu yi wasan wuta, mu ɗauki jan ƙarfe da hannu, a tafa, a ɗauki hoto, kowa ya watse. In ana taron masu masana'antu ba a aiko mana da takarda. Shi ya sa zuwanka na yau ya yi mana daɗi fiye da yadda kake zato, domin ka zo ranar aiki, wuta na ci, ba mu yi kwalliyar salla ba.

Ƙirar da za ka gani yau ta bambanta da ta kakanninmu tun daga ƙarfen. Su tama suke haƙowa su narka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa ya fara shigowa, daga baya motoci suka yawaita, narkar tama ta mutu a hankali, har yau babu mai yin ta a cikinmu. Ma'adininmu yanzu yana Ƙofar Ruwa da hannun 'yan gwangwan: sifirin mota, aksul, faifan garmar tarakta da ya cinye, tsohon magagari, guntun rodi. Wanda bai sani ba zai ce duk ƙarfe ƙarfe ne. Maƙeri ya san rodin gini ba ya yin gatari, domin sinadarin kabon da ke cikinsa kaɗan ne, ko ka tsoma shi a ruwa sau goma ba zai riƙe kaifi ba. Sifirin mota shi ne mai kabon daidai, shi ke ba da adda da gatari da gizago. Tsohon magagari ya fi shi tauri, yana yin aska da wuƙa mai kyau, amma in ka yi masa gaggawa sai ya tsage kamar tangaran. Yaron da ya shekara biyu a gabanmu yana iya kanga ƙarfe a giranda, ya dubi tartsatsin, ya gaya maka wane iri ne: mai yawan kabon tartsatsinsa yana fashewa yana rassa, na rodi kuwa dogaye ne sumul.

Bari in ɗan tsaya a kan tsomi, don a nan ne ake gane maƙeri. Bayan an gama ƙera baki, sai a mayar da shi wuta har ya yi ja. Iyayenmu da ido suke gane lokacin, shi ya sa suke son rumfa mai duhu. Mu yanzu mun ƙara da wata dabara, muna rataye maganaɗisun tsohuwar sifika kusa da wuta. Ƙarfe in ya kai wajen digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, maganaɗisu ba ya kama shi. Da ka ga ya daina kamawa, ka ƙara masa wuta kaɗan, sai tsomi, wani a ruwa, wani a mai. A wannan hali ya yi tauri amma yana da gautsi, in ya faɗi ƙasa ma yana iya karyewa. Sai a goge shi ya yi haske, a sake ɗumama shi sannu a hankali ana kallon launin da ke gudu a jikinsa. In ya yi ruwan busasshiyar ciyawa, an sami taurin aska da wuƙa. In aka bar shi ya wuce zuwa shuɗi, an sami na adda, mai lanƙwasa ya dawo. Wani malamin kimiyya da ya taɓa kawo ɗalibansa nan ya ce abin da suke karantawa a aji ke nan, da zane da lissafi. Muka ce masa mu ma a aji muka koya, ajin ne dai babu benci.

Abin da muka fi so ka gani da idonka shi ne kayan aikin da muka haɗa wa kanmu. Zugazugin fata yana nan, mun ajiye shi saboda ranar da komai ya tsaya, kuma saboda Sarkin Maƙera ba zai yarda a jefar ba. Amma yawancin rumfunan nan da ƙafar keke ake zuga: a ɗaura bel daga ƙafar keken zuwa 'yar fanka da aka yanka daga falankin ƙarfe, yaro ɗaya ya juya da hannu ɗaya, iska ta zo ba yankewa. Wasu sun sa wa fankar ƙaramin injin lantarki mai juya ta. Injin waldan da ke rumfa ta uku naɗin gida ne, a nan aka naɗa wayarsa. Akwai injin matse ƙarfe da aka yi da jak ɗin babbar mota, da shi muke lanƙwasa bakin garmar shanu, kowace ta fito daidai da 'yar'uwarta. Sannan ga abin alfaharinmu, gudumar inji. Samarinmu ne suka gan ta a waya, a bidiyon maƙeran ƙasashen waje, suka zauna suka kwaikwaya da tayar mota da sifiri da aksul ɗin tirela a matsayin uwar maƙera. Ta farko da suka haɗa, ranka ya daɗe, sai da ta kusa rushe katanga, dattawa suka yi ta dariya suna cewa ga abin da waya ke haifarwa. Ta biyu ce za ka gani. Aikin da ƙarti biyu ke yi da masaba tun safe har azahar, tana gama shi kafin a sha kunu, kuma yau masu dariyar su ne ke bin layi.

Daga waɗannan rumfuna ne fartanya da garma da lauje da sungumi ke tafiya Kura da Bunkure da Garun Malam, wurin manoman shinkafa da tumatir. Daga nan injin markaɗe da na sussukar masara da na ɓarzar gyaɗa ke fita, da kurfoti da amalanke. Fatake daga Maraɗi da Damagaram suna saye su haye da su. Manomi yana dawowa wurinmu ne saboda mun san ƙasarsa. Fartanyar jigawa daban, ta fadama mai laka daban, kuma tsawon ƙota da karkatar baki sai an dubi mai riƙewa. Wata shekara an raba wa manoman wani ƙauye kayan noma na tallafi da aka shigo da su daga waje, masu sheƙi, da fenti. Kafin a gama noman farko bakunan sun naɗe kamar ganye. A buhu aka kawo mana su, muka cire ƙotocin, muka sa musu bakin sifiri. Kuɗin da aka kashe a kansu, da rabinsa aka kawo nan, da har yanzu ana noma da su.

Wannan ya kawo ni ga koke-kokenmu, kuma ba za mu cika ka da su ba. Babba a ciki shi ne ciniki. Duk sanda gwamnati za ta sayi kayan noma na hannu don rabawa, muna roƙon a fara leƙo mu. A kawo samfur, a gwada namu da na waje a gona ɗaya, wanda ya ci a saya. Ba mu ce a saya don tausayi ba.

Sai wuta. Gudumar inji da injin walda ba sa aiki da fatan alheri, kuma man janareto yana cinye ribar kafin a sayar da kayan. Da za a sama wa wannan layi taransifoma tasa, ko a yi mana rumfa guda ta haɗaka mai wutar sola inda manyan injuna za su zauna kowa ya biya ya yi aiki, da an ga canji cikin damina ɗaya. Wannan zai rage mana dogaro da gawayi ma. Gawayin ƙirya muka gada, shi ne mai zafi da daɗewa, amma ƙirya tana ƙarewa a daji, mu ma mun sani, kuma ba ma so a ce da hannunmu aka ƙarar da ita.

Game da ƙarfe kuwa, kukan ya fi ƙarfin ofishinka, amma kana zama inda ba ma zama. An fara aikin kamfanin ƙarfe na Ajakuta tun 1979, ga tama jibge a Itakpe, har yau maƙerin Kano yana tsintar mataccen sifiri yana rige-rige da masu loda tsohon ƙarfe a tirela. In ka sami dama, ka isar mana.

Akwai kuma maganar yaranmu. Yaro zai shekara bakwai yana koyo, ya iya ƙira, ya iya walda, ya iya haɗa inji daga zane, amma ranar da ya je neman aiki a kamfani sai a ce ina takarda. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, da ke Kaduna tana da tsarin auna gwanintar masu sana'ar hannu ta ba su shaida, kuma mun ga yadda 'yan'uwanmu na kasuwar Panteka ta Kaduna suka amfana da haɗin kai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Muna so a buɗe mana irin wannan ƙofa a nan. A haɗa da koyar da kariya, domin a nan laifin namu ne: da yawa cikinmu suna walda da baƙin tabarau na kasuwa, suna ƙona ƙarfe mai rufin zinki suna shaƙar hayaƙinsa, sai dare ya yi ido ya hana barci. Mun fara tilasta wa yara sa gilashin walda na gaske, amma manyan sun fi yaran taurin kai.

Ranka ya daɗe, akwai magana guda da ba ma so a yi ta a bayanmu, gara mu faɗe ta a gabanka da gaban wakilin Hakimi. Ana zargin maƙera da ƙera wa ɓata-gari makamai da sayen ƙarfen titin jirgi na sata. Ba za mu rantse wa kowane mai riƙe da masaba a faɗin ƙasar nan ba. Amma a wannan layi, ƙarƙashin Sarkin Maƙera, doka ce: ba a karɓar kwangiri ko murfin kwalbati ko wayar lantarki daga hannun wanda ba a san inda ya samo ba, kuma wanda aka kama yana ƙera abin da hukuma ta hana, mu da kanmu za mu miƙa shi. Muna da rajistar kowace rumfa da mai ita da yaransa, tana hannun magatakarda, duk jami'in da ya so dubawa ƙofa a buɗe take.

Ba a zuwa gidan maƙeri a koma hannu rabbana. Babanmu Sarkin Maƙera zai miƙa maka fartanya da lauje da wuƙa. Wuƙar daga tsohon magagari aka yi ta, kuma wanda ya ƙera ta yana cikin yaran can na bayan rumfa, bai kai shekara 20 ba. Fartanyar kuwa muna roƙon kada a rataye ta a bangon ofis. A kai ta gona, in ta naɗe a dawo mana da ita a gaban jama'a.

Allah ya saka maka da alheri, ya taya ka riƙon amanar da aka ba ka, ya mayar da kai da 'yan rakiyarka gida lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Yanzu kuma, ranka ya daɗe, na ga yaran sun zuga wuta, ƙarfe ya yi ja, shi kuwa ba ya jiran jawabi. Bismillah, mu fara da rumfar farko, a ɗan tattare riga.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.