Nomoteteo: Kalmar Kafa Doka a Wasiƙar Ibraniyawa

Jama'a, yau za mu duba wata kalmar Helenanci da ta fito sau biyu kacal a Sabon Alkawari, kuma duka biyun a wasiƙar Ibraniyawa. Kalmar ita ce nomoteteo.

Kalmomi biyu ne aka haɗa: nomos, wato doka, da titemi, wato ajiyewa ko kafawa. Ma'anarta kafa doka ta zauna daram. A zamanin dā, a birnin Atina na ƙasar Girka, akwai wata majalisa da ake kira nomotetai, aikinta kafa sababbin dokoki da soke tsofaffi. Ka ga ke nan kalma ce ta hukuma, mai nauyi.

Buɗe Ibraniyawa 7:11. Marubucin ya ce a kan aikin firistocin kabilar Lawi ne aka kafa wa jama'ar Isra'ila Shari'a, wato Shari'ar Musa. Mu mun saba ɗauka cewa Shari'a ce ta haifi firistoci, shi kuwa ya mai da firistancin tushe, Shari'a ta hau kansa. Shi ya sa a aya ta 12 ya ce idan firistanci ya sauya, dole Shari'a ma ta sauya, kamar yadda ba a taɓa harsashin gida katanga ta tsaya yadda take.

Sai 8:6, inda ni dai abin ya fi taɓa ni. Wannan kalmar ce dai ya sake ɗauka, ya ce sabon alkawarin da Yesu yake matsakancinsa an kafa shi a kan alkawura mafi kyau. Ashe alheri ba maganar fatar baki ba ce. An zartar da shi, yana da ƙarfin doka, ba mai soke shi.

Akwai kuma wani abu. Yahudawan da suka fassara Tsohon Alkawari zuwa Helenanci sun yi amfani da kalmar a inda Ibrananci yake nufin koyarwa. A Zabura 119:33, mai addu'a yana roƙon Ubangiji ya koya masa hanyar ƙa'idodinsa, a Helenanci sai ya zama: ka kafa mini doka. Marubucin Ibraniyawa wannan fassarar yake karantawa, kuma a 8:10 ya kawo maganar annabi Irmiya, cewa Allah zai sa dokokinsa a tunanin mutanensa, ya rubuta su a zukatansu.