Zaman ƙoƙon gwiwa bayan tiyatar jijiyar MPFL

Ku miƙe ƙafa, ku saki tsokar cinya, ku tura ƙoƙon gwiwarku gefen waje da yatsa. Zai ɗan motsa, sai ya tsaya cak. Abin da ya tsayar da shi wata jijiya ce ta ɓangaren ciki da likitoci ke kira MPFL. Aikinta irin na linzami ne: tana hana ƙoƙon zamewa waje, musamman daga miƙewar ƙafa zuwa lanƙwasa ta digiri 30, kafin ya faɗa kwarin da ke ƙarshen ƙashin cinya.

Idan ƙoƙon ya goce, galibi jijiyar nan ta yage. In gocewar ta yi ta maimaituwa, likitan ƙashi kan ɗebo wata jijiya, sau da yawa daga cikin cinyar majiyyacin, ya dasa a madadinta.

To, a nan gizo ke saƙa. Ba tsananin ɗauri ake nema ba. Idan aka ja sabuwar jijiyar fiye da kima, ƙoƙon zai riƙa gogar guringuntsi, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ciwo ya zauna. In ta yi sako-sako kuwa, sai a koma gidan jiya. Inda aka kafa ta a ƙashin cinya ma haka: kuskuren milimita kaɗan kan sauya yadda take ja. Shi ya sa likitoci da dama ke duba hoton ƙashi ana tsaka da aiki, suna bin alamar wurin kafa jijiyar da wani likitan ƙashi mai suna Schöttle da abokan aikinsa suka bayyana a 2007.

Wani kuma matsalarsa a ƙirar ƙashi take. Kwarin ba shi da zurfi, ko tudun ƙashin ƙauri da jijiyar ƙoƙo ke kamawa ya yi waje da yawa. In tazarar da ke tsakanin tudun da kwarin ta kai milimita 20, akan duba yiwuwar matsar da tudun.

Sauran aikin naku ne, kuma don Allah kada ku raina shi. Kumburi yana kashe ƙarfin tsokar gaban cinya, tsoka mai rauni kuwa ba ta jan ƙoƙo daidai. Ku lizimci atisayen likitan fisiyo, har da na ƙugu. Tsugunno da zaman tahiya su jira izininsa, wasanni kuma sukan jira watanni huɗu zuwa shida, ko fiye.

Idan gwiwa ta ƙage, ko ƙoƙon ya sake zamewa, ku koma wurin likitan da ya yi aikin, kada ku bari a ja ta a gida. Zazzaɓi, ruwa daga ɗinki, ko kumburin sha-raɓa mai zafi kuwa, asibiti ne a ranar.