Idan Ɗa Ya Tashi da Ɗabi'un Mata, ko 'Ya da na Maza: Me Iyaye Ke Yi?

Assalamu alaikum jama'ar Makka da Jidda da Madina, da duk inda Bahaushe yake a Saudiyya. Yau za mu taɓo maganar da ake yi ƙasa-ƙasa a cikin gidaje. Yaro namiji ya tashi, tafiyarsa da muryarsa irin ta mata. Yarinya ta ƙi kwalli ta ƙi lalle, sai kayan yayyenta maza. Wani ma yakan buɗe baki wata rana ya ce, "Umma, ni fa ban taɓa jin kaina namiji ba."

Galibi uwa ce ke fara lura. Tana gani tun yana ƙarami, ta yi shiru, ta ce ƙuruciya ce. Shi kuwa uba sau da yawa a waje yake ji, a majalisa ko a ƙofar masallaci, wani ya ja shi gefe ya ce, "Alhaji, ana cewa ɗanka ɗan daudu ne." Kunya ce ke rako shi gida a ranar, kuma ita ce ke miƙa masa bulala.

Daga nan sai duka. Idan duka bai yi ba, a kai shi wajen mai ruƙiyya a ce aljana ce ta aure shi. Idan hakan ma bai yi ba, a ce a yi masa aure zai gyaru. Wannan ta fi ci min rai, domin an ɗauko 'yar mutane da ba ta san hawa ba ta san sauka ba, an saka ta cikin auren da aka ɓoye mata gaskiyarsa. Damuwar mutum ɗaya ta koma ta gida biyu.

Sai kora. A nan ina roƙon iyaye su saurara da kyau, don korar ɗa a Jidda ba irin korarsa a Kano ba ce. A Kano akwai gidan gwaggo, akwai kawu a ƙauye. A nan kuwa igamar yara, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin ta uba take, wasu gidajen ma babu takardar gaba ɗaya. Rusau ɗin da aka yi a Jidda a 2021 da 2022 ya tarwatsa unguwanni irin su Karantina da Sabil, inda a da maƙwabciya za ta iya ɓoye yaro kwana biyu kafin zuciyar uba ta huce. Ga shi hukuma tana kama wanda ta ce ya yi shigar da ba ta jinsinsa ba. Yaron da aka kora zai iya ƙarewa a gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, a saka shi jirgi zuwa Najeriya ko Nijar, ƙasar da wataƙila bai taɓa takawa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Likitoci sun yi nazarin abin da ƙin iyaye ke jawowa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2016, kan dubban mutanen da jinsin da suke ji a ransu ya saɓa da na haihuwarsu, ya gano cewa waɗanda danginsu suka juya musu baya sosai sun ninka sauran fiye da sau uku wajen yunƙurin kashe kansu. Shaye-shaye ma ya fi yawa a cikinsu. Kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan yanayi daga jerin cututtukan taɓin hankali. Ɗanka ba mahaukaci ba ne.

Na san tambayar da ke bakinku: addini fa? Hadisin da ya hana maza kwaikwayon mata da mata kwaikwayon maza yana cikin Buhari, babu mai musun sa. Amma Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba abin gida biyu: wanda ya ƙirƙiri ɗabi'ar da gangan, da wanda haka aka halicce shi. Na biyun, in ji shi, babu zargi babu zunubi a kansa. Malamanmu na da sun san akwai irin waɗannan bayin Allah.

Kada kuma a haɗa su da mata-maza, wato wanda aka haifa al'aurarsa ba ta fito fili ba. Shi nasa sha'anin jiki ne, har littafin fiƙihun nan, Muhtasar na Halil, ya rufe da bayanin rabon gadonsa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na Makka a 1989, ta haramta sauya jinsi amma ta halatta yi wa mata-maza aikin gyara. Iyaye da yawa suna ɓoye irin wannan jariri har ya balaga, alhali asibiti ya kamata a kai shi.

Akwai iyayen da suka zaɓi wata hanya, ba tare da sun saki aƙidarsu ba. Uwa takan ce, "Ɗana, ban gane abin da kake ji ba, amma nan gidanku ne." Uba ya hana yayye kiransa da sunan banza, ya ci gaba da cin abinci kwano ɗaya da shi, ya daina kai ƙararsa wajen dangi.

Ku lura da alamu. Idan yaro ya daina cin abinci, ya kulle kansa a ɗaki, ko ya fara cewa gara ya mutu, kada a ce rigima ce. A ranar a zauna da shi, a kawar da magunguna da wuƙaƙe daga kusa, a nemi likitan damuwa. Layin Ma'aikatar Lafiya, 937, yana aiki dare da rana.